Lauyoyin babban kamfani sun ba ni kwana 14 in sauya sunan sabuluna

Assalamu alaikum. Ina da ƙaramar masana'antar sabulu da man kaɗanya a Kano, da ma'aikata tara. Tun 2017 nake sayar da kayana da suna ɗaya, ina da rajistar CAC da lambar NAFDAC, dilolina kuma suna kai kaya har Maraɗi da Damagaram. Makon jiya wasiƙa ta iso daga wani ofishin lauyoyi na Legas a madadin wani babban kamfanin kayan kwalliya. Wai kalma ɗaya a sunan sabuluna da launin kwalina sun yi kama da nasu. Sun ba ni kwana 14 in daina amfani da sunan, in miƙa musu duk kwalayen da na buga, in ba su sunayen dilolina, in kuma sa hannu a wata takardar alkawari. In ba haka ba sai kotu da 'yan sanda. Maigidana ya ce in sa hannu a huta, ba a ja da masu kuɗi, su ne ke rubuta dokar. A ƙungiyarmu ta masu ƙananan masana'antu kuma ana ta raɗe-raɗin manyan kamfanoni na neman a tsaurara hukuncin masu kwaikwayon kaya. Barci ya ƙaurace min. Da gaske doka tasu ce? Yaya zan yi?

Hajiya mai sabulu, Kano

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya kawo mafita, ya kuma tsare miki dukiyarki. Abu na farko, kada ki sa hannu a takardar nan yanzu. Na biyu, kada ki cusa wasiƙar a durowa ki yi shiru. Duka biyun suna cutarwa, kuma na farkon ya fi.

Wasiƙar lauya ba sammaci ba ce. Kwana 14 ɗin nan su suka yanka, ba alƙali ba, kuma ranar da suka cika ba abin da zai faru da kansa, sai dai su yanke shawarar shigar da ƙara ko su sake rubutowa. Irin wannan wasiƙa kusan kullum tana neman fiye da abin da kotu za ta iya bayarwa, saboda aika ta ba ya cin kamfani komai, kuma mafi yawan waɗanda ake aika wa suna tsorata su miƙa wuya. Haɗarin takardar alkawarin shi ne da zarar kin sa hannu ta zama yarjejeniya. Gobe in suka ga sabon kwalinki bai kwanta musu ba, ba sai sun wahalar da kansu wajen nuna wa kotu cewa kayanki na ruɗar masu saye ba. Karya alkawari kawai za su nuna. Sunayen dilolinki kuwa, amfaninsu a wurinsu shi ne su aika wa kowannensu wasiƙa irin taki. Dila ba ya son rigima, zai dawo miki da katan-katan ɗinki ne kafin ma a je ko'ina.

A cikin kwana biyu ko uku ki samu lauyan da ya saba da shari'ar alamar kasuwanci. Lauyan da ya yi miki takardun fili ba lallai ya san wannan fage ba, ki tambaye shi kai tsaye ko ya taɓa yin irinta a Babbar Kotun Tarayya, domin a can ake sauraron ƙarar alamar kasuwanci mai rajista, kuma tana da reshe a Kano. Aikinsa na farko gajeriyar amsa ce: an karɓi wasiƙa, ana nazari, ba a amsa laifin komai ba, ana buƙatar ƙarin lokaci, sannan a turo lambar rajistar alamarsu, ajin da aka yi ta, ranar da aka yi, kwafin satifiket da shaidar sabuntawa. Aikinsa na biyu ya sa a bincika a ofishin rajistar alamomin kasuwanci da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Kasuwanci da Zuba Jari a Abuja. Ke kuma kada ki kira lambar da ke jikin wasiƙar don ki ba da haƙuri. "Wallahi ban san ya yi kama da naku ba" magana ce da za ta iya dawowa cikin takardar rantsuwa a gaban alƙali.

Binciken Abuja shi zai nuna miki girman abin da ke hannunsu. Ana rajistar alama ne aji-aji, sabulu da man shafawa suna aji na 3, kuma rajistar da aka yi a wani aji daban ba ta kai musu inda suke so cikin sauƙi. Rajista tana ɗaukar shekara 7 a karon farko, daga nan a riƙa sabuntawa duk shekara 14, kuma ana samun manyan kamfanonin da suka yi sakaci ta faɗi. Wani lokaci abin da ke hannunsu takardar amincewa da buƙata ce kawai, satifiket bai fito ba, kuma Kotun Ƙoli ta riga ta bayyana cewa mai irin wannan takarda bai zama mai alama mai rajista ba tukuna. A duba kuma ko ofishin rajista ya sa musu sharaɗin cewa ba su mallaki wata kalma ta gama-gari da ke cikin sunan ita kaɗai ba. In kalmar da kuke takaddama a kai tana siffanta kayan ne, kamar tsabta ko laushi, wannan sharaɗi na iya kashe rabin maganarsu. Idan kuma sun yi rajistar sunan amma sun shekara 5 a jere ba su sayar da komai da shi ba, sashe na 31 na dokar alamomin kasuwanci ya ba ki damar neman a soke ta.

Batun launi yana da tarihi a kotunan ƙasar nan. Kamfanin Ferodo na Ingila, mai yin kayan birkin mota, ya yi ƙarar kamfanin Ibeto na Nnewi kan cewa kwalin birkinsa mai suna Union Supa ya kwaikwayi launukan ja da baƙi da fari na kwalin Ferodo. Shari'ar ta tashi daga Babbar Kotun Tarayya ta bi Kotun Ɗaukaka Ƙara har Kotun Ƙoli, a 2004 aka kammala, kuma Ferodo bai yi nasara a ko ɗaya ba. Kotu ta ce alamarsa ita ce sunan Ferodo, launuka da adon kwali kwalliya ce kawai. Sai dai lauyanki ya lura cewa a 2023 dokar sauƙaƙa harkokin kasuwanci ta faɗaɗa ma'anar alama, yanzu siffar kaya da mazubinsa da haɗin launuka duk suna iya shiga rajista. Don haka tambayar ita ce ko sun yi rajistar launin, da kuma yaushe.

Ko babu rajista, suna iya ƙarar ki da cewa kina sayar da kayanki da rigar nasu. A nan sai sun nuna kasuwa ta san su da wannan kama, kayanki na sa mai saye ya ɗauka nasu ne, kuma hakan na jawo musu asara. Alƙali ba ya auna wannan da idon lauya mai kwali biyu a kan tebur. Yana tunanin mai saye ne na yau da kullum, wanda wataƙila bai iya karatun boko ba, ya tsaya bakin kanti a Sabon Gari ya ce "ba ni mai ruwan ƙasan nan". Ki yi wa kanki wannan gwaji tsakaninki da Allah. Ki ajiye naki da nasu a kan kanta ɗaya, ki ja da baya taku biyar, ki kira wanda bai san maganar ba ya nuna miki na kamfanin. Ki kuma tambayi wanda ya zana miki kwalin a 2017 abin da ya ajiye a gabansa lokacin da yake zanen. Masu zane da yawa daga kwalin da ya yi suna a kasuwa suke farawa, ba tare da mai kaya ta sani ba. In haka ta faru, gara ki ji daga bakinsa yau da ki ji a kotu.

Sai ki tattara tarihinki. Rasit na farko daga maɗaba'a, ranar da ke jikin satifiket ɗin NAFDAC, littafin ciniki, takardun lodin mota zuwa Maraɗi, hotunan talla a Facebook da WhatsApp masu kwanan wata, duk a fayil ɗaya, bisa jerin shekaru. Sashe na 7 na dokar yana kare wanda ya riga mai rajista fara amfani da alama kuma bai yanke ba, amma sai kin riga su a duka biyun, fara amfani da kuma rajista. In sun riga ki, akwai sashe na 13 da ke ba da damar a yi wa mutum biyu rajista idan sun daɗe suna amfani da alama mai kama da juna bisa gaskiya, sannan lauya zai duba ko sun daɗe da sanin kayanki suka yi shiru. Rajistar CAC dai ba ta ba ki mallakar sunan kaya, sunan kasuwancinki kawai ta tsare, nan ne mutane da yawa ke ruɗuwa. Amma ki buɗe fayil ɗinki na NAFDAC da kyau, domin hukumar kan nemi shaidar shigar da sunan kaya a ofishin alamomi, kuma mai yiwuwa wakilin da ya yi miki aikin ya shigar, takardar na nan ba ki lura ba. Ranar da ke jikinta na iya zama mafi ƙarfin abin da kike da shi.

Barazanar 'yan sanda ita ta fi tsorata mutane. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 da dokar 'yan sanda ta 2020 duk sun hana kama mutum kan rikicin da na farar hula ne zalla. Buga sunan wani da tambarinsa a jikin kayanki don a ɗauka nasa ne, wannan jabu ne kuma laifi ne. Sayar da kayanki da sunanki da adireshinki da lambar NAFDAC ɗinki, ana gardama kan ko ya yi kama da na wani, wannan maganar kotun farar hula ce. In aka gayyace ki ofishinsu, ki je da lauya da fayil ɗinki. Abin da ya fi wannan haɗari shi ne umarnin bincike da kwashe kaya da kotu kan bayar ba tare da an ji ta bakinki ba, wanda lauyoyi ke kira Anton Piller. In suka zo da shi, ki nemi ganin takardar mai hatimin kotu, ki kira lauyanki nan take, kada ma'aikatanki su tare ƙofa ko su ɓoye kaya domin wannan raina kotu ne, kuma a rubuta duk abin da aka ɗauka, katan nawa, kwali nawa, kowa ya sa hannu. Wanda ya nemi umarnin yakan yi wa kotu alkawarin biyan diyya in ya tabbata bai cancanta ba, kuma lauyanki na iya neman a janye shi.

Yanzu maganar maigida. Yana da gaskiya a wani ɓangare babba, kuma bai kamata a ɓoye miki ba. Dokokin mallakar fasaha na duniya da hannun manyan kamfanoni dumu-dumu a cikinsu. A 1986 shugabannin kamfanoni fiye da goma na Amurka, Edmund Pratt na Pfizer da John Opel na IBM a gaba, suka kafa kwamitin da burinsa ɗaya ne: a ɗauke maganar mallakar fasaha daga WIPO, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da mallakar fasaha, inda ƙasashe masu tasowa ke da yawan ƙuri'a, a kai ta teburin cinikayya, inda mai babbar kasuwa ke da bulala. Suka jawo takwarorinsu na Turai da Japan, a 1988 suka fitar da daftari na haɗin gwiwa suka miƙa wa gwamnatocinsu. A shekarar ce kuma Amurka ta yi dokar da ta haifar da rahoton Special 301, jerin ƙasashen da ake yi wa barazanar takunkumin ciniki, wanda ƙorafin ƙungiyoyin kamfanoni ke ciyar da shi duk shekara. Sakamakon shi ne yarjejeniyar TRIPS da aka sa wa hannu a Marrakesh a 1994, wadda ta wajabta wa mambobin ƙungiyar ciniki ta duniya ba da kariyar ƙirƙira ta shekara 20, har da magunguna. Indiya, wadda tun dokarta ta 1970 ba ta ba da irin wannan kariya ga shi kansa maganin, dole ta sauya a 2005. Najeriya da Nijar duk suna cikin wannan yarjejeniya.

Kamun ƙafa a majalisa hannu ɗaya ne, kotu ce ɗaya hannun, kuma tare suke aiki. Idan doka ba ta yi musu daɗi ba, a shigar da ƙara a daskarar da ita. A 1997 Afirka ta Kudu ta yi dokar sauƙaƙa shigo da magani mai rahusa, lokacin da cutar ƙanjamau ke kashe mutane, maganinta kuma na kai dala 10,000 a shekara ga mutum ɗaya. A 1998 ƙungiyar masu haɗa magunguna da kamfanoni kusan 40 suka maka gwamnatin Mandela a kotun Pretoria, Amurka kuma ta sa ƙasar cikin jerin nan nata. Shekara uku dokar na jingine. Haka kamfanin taba Philip Morris ya yi wa Uruguay a 2010, ya kai ta kotun sasanta rikicin masu zuba jari, yana cewa dokar da ta sa gargaɗin lafiya ya rufe kashi 80 cikin 100 na kwalin sigari ta tauye masa alamar kasuwancinsa. Ya kuma yi ƙarar Ostareliya kan dokar kwali marar ado. Duka biyun ya sha kaye, ta Ostareliya a 2015, ta Uruguay a 2016 har da biyan dala miliyan 7 na kuɗin shari'a. Amma a tsawon shekarun nan ƙasashe irin su New Zealand sun dakata da tasu dokar suna jiran ganin yadda za ta kaya. Jinkirin da tsoron su ne ribar, ko da hukunci bai zo yadda ake so ba. Wasiƙar da ke hannunki ƙaramin samfurin wannan dabara ce: ana so tsadar shari'a ta yi aikin da hujja ba lallai ta iya yi ba.

Inda ba mu tare da maigida shi ne cewa ba a ja da su. An ja, kuma an ci. A shari'ar Pretoria, ƙungiyar masu ɗauke da cutar mai suna Treatment Action Campaign ta nemi kotu ta saurare ta, aka amince, ta kawo takardun rantsuwar marasa lafiya, ta sa ana tambayar kamfanonin nawa suka kashe a binciken magungunan. A daidai lokacin kamfanin Cipla na Indiya ya yi tayin maganin a dala 350 a shekara. A Afrilun 2001 kamfanonin suka janye ƙarar, a Nuwamba kuma aka yi sanarwar Doha da ta tabbatar wa ƙasashe 'yancin fifita lafiyar jama'a. A 2013 Kotun Ƙolin Indiya ta ƙi ba kamfanin magunguna na Novartis kariya kan sabon fasalin maganin kansar jini na Glivec, bisa wani sashe da majalisar ƙasar ta saka da gangan don hana tsawaita mallaka ta hanyar ɗan gyaran tsohon magani. Abin lura a nan, waɗanda suka ci ba su je su kaɗai ba, kuma sun je da takardu.

Raɗe-raɗin da kuke ji a ƙungiya ya cancanci a bi shi da gaske, domin kalmar jabu ita ce ƙofar da aka fi shigowa ta ita. Ba wanda zai tashi a majalisa ya kare mai jabun magani ko mai jabun man shafawa da ke ƙona fatar mata, kuma mu ma muna son a hukunta su, ke kanki gobe wani na iya buga kwalinki ya zuba ruwan banza a ciki. Matsalar tana wurin fassarar kalmar a cikin doka. Kenya ta yi dokar yaƙi da jabu a 2008 da ma'ana mai faɗin da za ta iya haɗawa da halastattun magunguna masu rahusa, sai da mutum uku masu ɗauke da ƙanjamau suka kai ƙara, a 2012 babbar kotu ta ce sassan sun yi barazana ga 'yancin rayuwa da lafiya. A tsakanin 2008 da 2009 jami'an kwastam na Holan sun riƙa tsare magungunan Indiya da ke wucewa ta ƙasarsu bisa ƙorafin mallakar fasaha, ciki har da maganin ƙanjamau na abacavir da ke kan hanyarsa ta zuwa Najeriya, har Indiya da Brazil suka kai ƙara ƙungiyar ciniki ta duniya a 2010. Layi ɗaya a sashen fassara ya isa ya mayar da gardama irin taki laifin da ɗan sanda ko jami'in kwastam zai kwashe kaya a kansa kafin alƙali ya gani.

Kafin mu zo kan abin da ƙungiya za ta yi, ga yadda za ki yanke shawarar kanki bayan binciken Abuja ya dawo. Ki zauna da biro ki lissafa kuɗin sauya kama: sabon zane, sabon farantin bugu, kwalaye da ledojin da ke sito, gyaran suna a NAFDAC in sunan ne zai canza, da tallan sanar da masu saye. A ɗaya gefen ki sa kuɗin lauya na shari'ar da za ta iya shekaru, da yiwuwar kotu ta dakatar da sayar da kayan tun kafin hukunci, wanda shi ne ke karya ƙananan masana'antu, ba hukuncin ƙarshe ba. In hujjarsu ta fi ƙarfi a launi amma ta yi rauni a suna, sulhu mai kyau shi ne ki riƙe sunanki ki sauya launi. Lauyanki ya nemi wata 3 zuwa 6 na sayar da abin da ke sito, ba biyan diyya, ba miƙa sunayen diloli, kowa ya ɗauki kuɗin lauyansa, a liƙa hoton sabon kwalin a jikin yarjejeniyar su sa hannu cewa sun yarda da shi, su kuma yi alkawarin ba za su ƙalubalanci rajistarki ba. Manyan kamfanoni kan karɓi irin wannan idan suka ga mutum ya shirya, domin su ma suna tsoron hukuncin da zai rage faɗin alamarsu ya zama hujja ga kowa, kamar yadda ta faru da Ferodo. In kuwa kin riga su, ko rajistarsu ta faɗi, amsa mai ƙarfi da kwafin hujjoji sau da yawa ita ce ƙarshen maganar. A halin da ake ciki kada ki hau intanet ki kira sunan kamfanin kina zagi, za ki ba su ƙarar ɓata suna a kyauta. Dilolinki kuma ki sanar da su da bakinki cewa lauya na kan maganar, kafin su ji a wani wuri.

Duk yadda ta kaya, ki shigar da taki rajistar yanzu, sunan daban, zanen kwalin daban, a aji na 3. Matakan su ne bincike, shigarwa ta hannun wakili mai izini, takardar karɓa, takardar amincewa, bugawa a mujallar alamomin kasuwanci, wata 2 na jiran mai ƙalubale, sannan satifiket. Inda ake yawan faɗuwa shi ne wakili ya shigar da sunansa ko na kamfaninsa maimakon naki, ko a tsaya a takardar amincewa a ɗauka an gama. Rajistar Najeriya kuma a iyaka take tsayawa. Kayan da ke zuwa Maraɗi da Damagaram suna ƙarƙashin hukumar rajistar mallakar fasaha ta OAPI mai hedikwata a Yawunde, rajista ɗaya a can tana rufe ƙasashe 17 har da Nijar da Chadi da Kamaru, na shekara 10, ana sabuntawa. In ba ki yi ba, dilan da ke sayar miki a can na iya riga ki, ya zama shi ke da sunan.

Ita kuma ƙungiya, ta fara da gano ko akwai ƙudirin da gaske: lambarsa, wanda ya gabatar, kwamitin da ke riƙe da shi. Dokar alamominmu ta 1965 ce, an ɗauko ta daga ta Ingila ta 1938, kuma an sha kawo ƙudirin maye gurbinta yana mutuwa a majalisa, saboda haka wani zai sake zuwa. A Amurka dokar 1995 ta tilasta wa masu kamun ƙafa yin rajista da bayyana wanda ke biyan su. A nan babu irin wannan rajista, sai dai ku sa ido da kanku. Bayan karatu na biyu kwamiti kan kira zaman jin ra'ayin jama'a, sanarwar kan fito a jarida da ɗan gajeren lokaci, kuma manyan kamfanoni kan zo da lauyoyi da rubutaccen sashen da suke so a saka, kalma da kalma. Wanda ya zo da koke na baki kawai, a rubuta sunansa a rajistar mahalarta, shi ke nan. Da aka yi sabuwar dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a Maris 2023, ƙungiyoyin makafi da na ma'aikatan ɗakunan karatu sun bi ta, kuma ta fito da sassauci a gare su. Ku haɗa kuɗi ku ɗauki lauya ɗaya ya rubuta muku takarda ta shafi uku ko huɗu, ku nemi cibiyar 'yan kasuwa ta KACCIMA da ƙungiyar masu ƙananan masana'antu ta ƙasa, NASSI, su sa hannu tare da ku, ku kai wa 'yan majalisar Kano kwafi kafin ranar zaman, da adadin ma'aikatan da mambobinku ke biya albashi. Abin da za ku nema a rubuce: ma'anar jabu ta tsaya kan wanda ya kwaikwayi alama mai rajista da gangan don yaudara, kada a kwashe ko a lalata kayan mai lambar NAFDAC sai da umarnin kotu, a bar kariyar wanda ya riga fara amfani yadda take a sashe na 7, sannan a ba wanda aka yi wa barazanar ƙara ba bisa hujja ba damar neman diyya, kamar yadda dokar Ingila ta tanada. Duk mamban da ya taɓa samun wasiƙa irin taki ya kawo kwafinta, a goge sunaye, a liƙa a bayan takardar.